Kwanon Sallah ya daina yawo a layinmu, ku ma haka ne?

Maman Sadiya, Garwa:
Assalamu alaikum. Wani abu ya tsaya mini a rai tun ƙaramar Sallah, ina son jin ra'ayinku.

Muna yara, Inna kan tashi tun kafin asuba ta ɗora tuwon shinkafa da miyar taushe. Kafin maza su sauko daga idi an jera kwanoni sun fi 10 a tsakar gida, mu ne 'yan kaiwa. Gidan Goggo, gidan Fulanin da ke bayanmu, har gidan wani malamin makaranta Kirista da ke haya a layinmu, wanda matarsa ke aiko mana da cincin ranar Kirsimeti. Ba a maido kwano haka nan. A sa waina, ko ƙwai, ko goro. Akwai wata tsohuwa da ba ta da ko sisi, sai ta wanke kwanon tas ta yi ta sa mana albarka, kuma wallahi Inna ta fi murna da nata.

Bana na saya wa 'yar ƙanwata turmin atamfar CICAM, wadda ake yi a nan Kamaru, na haɗa da kuɗin ɗinki, na kai da ƙafata. Ta karɓa tana juya bakin zanen, ta ce ƙawayenta shadda 'yar Kano aka yi musu. Shekararta 13. Yaran da suka shigo barka da Sallah na ba kowa dala 20, wato sefa 100, ɗaya ya dube ni ya ce maƙwabta dala 100 suka ba su. Ban ga laifin yaran ba, a bakinmu manya suka ji ana yi wa kyauta kuɗi.

To in ci gaba da aika kwano, ko in koma tura kuɗi ta waya kamar kowa?

Ɗan Kasuwa, Marwa:
Hajiya, zan faɗi gaskiya ko da ta shafe ni. Tun tsakiyar azumi muke ɗaure kaya a leda mai ƙyalli: turare, sabulu, mayafi, na jaka 10 (sefa dubu 10), na jaka 25. Saurayi ya zo, ba ya tambayar abin da yarinyar ke so, sai dai wanne ne zai yi kyau a hoto, don kafin magariba an ɗora shi a WhatsApp. Wasu bashi suke ci, har babbar Sallah ba su gama biya ba. Ina samun riba, amma abin yana damuna.

Baƙon Injamena:
Yaya, kar a kushe waya baki ɗaya. Aiki ya riƙe ni a Chadi, tsohuwata tana Ngaundare. Ba tuwon da zai yi wannan tafiyar. Ina tura mata kuɗi, ita ta yi girkin ta raba da sunana.

Malama Uwar Marayu:
'Yar'uwa, kar ki daina. Annabi (SAW) ya hori mata cewa kada maƙwabciya ta raina abin da za ta ba maƙwabciyarta ko da kofaton akuya ne. Shawarata ita ce yaranki su riƙa kai kwanon da hannunsu, su durƙusa su gaida masu gida. Mu ta haka muka san dangi.

Maman Sadiya, Garwa:
Na gode muku. Ƙanena na Injamena, naka daban ne, tunda a ƙarshe kwano ne ke fita daga gidan mahaifiyarka. Ni da ke tsakanina da Goggo bai wuce gida 4 ba, ba ni da wannan uzurin. Malama, na karɓa. Kwanonin Inna suna nan a ƙarƙashin gado, jiya na fito da su na ƙirga, saura 7. Da babbar Sallah in Allah ya kai mu, ita 'yar ƙanwar tawa zan ɗora wa na farko, da naman layya a ciki, ta kai wa Goggo.