Tseren jakuna a filin sukuwa: wa ya taɓa ganin yadda caca ke shiga ciki?

Mai Barga

Assalamu alaikum. Ina cikin kwamitin shirya sukuwar bayan Babbar Sallah a garinmu. Dawaki muna da su, yawanci 'yan Arewa sai 'yan Sudan ƙalilan. Matasa sun kawo shawarar a riƙa sa tseren jakuna tsakanin zagaye da zagaye, don jama'a su yi nishaɗi kafin dawaki su huta. Kan dattawan kwamiti ya rabu. Masu ƙi sun ce duk inda aka yi wannan, caca ce ke biyo baya, daga nan sai rigima. Ni ban taɓa shirya irinsa ba, kuma ba na son in sa hannu a abin da zai ɓata zumunci ranar Sallah. Don Allah wanda ya gani da idonsa ya ba mu labari.

Ɗan Kabi

Wa alaikumus salam, Malam Mai Barga. Mu nan mun saba da haɗa wasanni iri-iri wuri guda. Bikin kamun kifi na Argungu tun 1934 aka faro shi, kuma ba kamun kifi kaɗai ake yi ba, akwai kokawa da dambe da tseren kwale-kwale. Don haka da 'yan ƙauyenmu sunka ce za su yi tseren jakuna bayan Sallah, ba wanda ya ga aibu.

Shekarar farko abin ya yi kyau ƙwarai. Jakai tara, yara bisa, ba akumari ba komai, sai 'yar sanda. Wani auraki shina gaba, saura kaɗan ya kai, sai ya hango mai saida harawa bakin fili, ya karkata ya nufe shi. Yaron ya yi ta dukan wuyansa, ina! Har tsofaffi sai da sunka riƙe ciki. Wanda ya zo na ɗaya kuwa wani goho ne da ke ɗaukar ruwa, ba wanda ya kula da shi.

Shekara ta biyu ne munka ga canji. Abin da na lura da shi, ga dawaki kowa ya san ingarman da zai ci, an san mai shi, an san abin da yake ci, to ba mai yarda ya sa kuɗinsa ga wani. Jaki kuwa ba a san gabansa ba, kowa na ganin shi ma zai iya dacewa. Shi ya sa kuɗin da anka zuba ga jakuna ya fi na dawaki nesa ba kusa ba. Kuma da jaki ya sake karkata a wannan shekarar, ba a yi dariya ba. Jifa anka yi.

Wani abu kuma, ku fara tambayar masu jakan ko za su bayar. Tun da fataken fata sunka shigo, jaki ya yi tsada. Nijar ta hana fitar da su tun 2016, Tarayyar Afirka ma ta hana yanka su don fata a 2024. Wanda jakinsa ne abincin gidansa ba zai so a karya masa ƙafa don wasa ba.

Tsohon Mahayi

Alhaji Mai Barga, ni zan yi magana a madadin yaran da za ku ɗora, don na taɓa zama ɗayansu.

Ina da shekara goma sha ɗaya aka fara ɗora ni a sukuwa, saboda ba ni da nauyi. A barga nake kwana. Ni ke jiƙa dusa da kanwa, ni ke auna gero, ni ke fita kilisa da asuba kafin rana ta yi zafi. Dokin wani bikili ne, ya san muryata fiye da ta mai shi. Ranar sukuwa ba na iya cin abinci don ɗoki.

A wata sukuwa aka ce za a yi zagaye na musamman na yara, ba sirdi, ba likkafa, linzami kawai. Wannan shi ne abin nishaɗin ranar, kamar jakunan da kuke shirin sawa. Ana saura kaɗan a tashi, wani mutum da ban sani ba ya ja ni bayan mota, ya cusa min kuɗi a aljihu, ya ce a kwana ta ƙarshe in ɗan riƙe kan dokin. Ban taɓa riƙe kuɗi masu yawan haka ba. Ban ce masa to ba, ban ce a'a ba, tsoro ya hana ni mayar masa. Da aka tashi na manta da shi sam. Bikili ya fita kamar kibiya, muka zo na ɗaya.

Ban ko gama sauka ba suka rufe ni, shi da mutanensa. Suka yage min riga suna neman kuɗinsu. Kuɗin ya zube a ƙasa a gaban maigidana. Shi kuma da ya gani bai tambayi yadda aka yi ba, ya ɗauka na saba sayar da shi ne. Bulalar da nake kora doki da ita, da ita aka dake ni a gaban jama'a. Daren nan aka kore ni daga bargar. Shekara talatin ke nan da wani abu, har yau idan na ji ƙarar kofato a fili sai gabana ya faɗi.

Ban ce kada ku yi ba. Amma ɗan caca ba ya iya zuwa wurin mai doki, ba ya iya magana da jaki. Yaron yake nema, don shi ne mai sauƙin saye kuma mai sauƙin duka. In za ku yi, ku ware yaran wuri guda tun safe, babba mai mutunci na tsaye a kansu, kada kowa ya keɓe da su har a gama. Kuma ku sa musu hular kwano. Faɗuwa daga kan jaki ma tana fasa kai.

Hajiya Mai Waina

Allah sarki ɗana, Allah ya saka maka. Ni a bakin filin sukuwa nake suya duk Sallah, shekara goma sha biyu. Ranar da ake tseren jakuna na fi ciniki, gaskiya, don mata da yara sun fi fitowa. Amma abin da ke damuna yaran ne. Yaro zai zo da goron Sallarsa a hannu, ya tsaya gaban tanda yana kallon waina, sai abokinsa ya ce zo mu sa a kan baƙin jakin nan. Can anjima ya dawo hannu wayam yana hawaye. Na sha ba irinsu kyauta. Shekarar da aka yi faɗa kuwa tanda da mai da ƙullu duk aka kifar min, man ya ƙona ƙafar 'yar da ke taya ni. Ba wanda ya zo ya ce min sannu.

Ɗan Yamai

Mu a Nijar muna da wani nau'in da ku ba ku cika sani ba. A Yamai akwai filin sukuwa, ana kuma hawa, amma cacar da ta fi cin mutane ba a kan dawakanmu ake yin ta ba. A kan dawakan Faransa ne. Mutum na zaune bakin titi da 'yar takarda da biro, shina lissafin dawakan da bai taɓa gani ba, a filin da bai taɓa takawa ba. Akwai tiyarse, ka zaɓi uku na farko, akwai karte, ka zaɓi huɗu.

Kawuna ya yi shekaru a ciki. Ya san sunayen mahaya da na dawaki kamar 'ya'yansa. Ranar da na fara ganin irin tseren a talabijin tare da shi, a filin Vincennes na Paris, na yi mamaki: doki na jan wani ɗan keke mai ƙafa biyu, mutum na zaune a baya, kuma doka ta hana dokin yin sukuwa, sassarfa kawai. In ya ɓalle da sukuwa an fitar da shi. A ranar dokin da kawu ya sa wa jikka biyu shina gaba, sai ya ɓalle. Kawu bai ce uffan ba, ya ninke takardar ya sa aljihu. Da ya rasu mun tarar da irin takardun cike da akwati.

Na kuma je Ingal lokacin bikin lasar gishiri na watan Satumba, na ga tseren raƙuma na Buzaye. Mata na guɗa, ana kiɗan tande, wanda ya ci sunansa ya zagaye daji. Kallon da mutanen wurin ke yi wa raƙumi daban ne da kallon da kawu ke yi wa talabijin. Su raƙumin suke kallo.

Malamin Islamiyya

An taɓa kirana sulhu kan irin wannan. Maƙwabta biyu, katangarsu ɗaya, sun sa dubu biyar-biyar a hannun wani a kan tseren jakuna. Jakan suka iso kusan tare, kowa ya ce nasa ne, mai riƙe kuɗin kuma ya sulale. Wata uku matansu ba sa gaisawa.

Tsere kansa yana da asali. Bukhari ya ruwaito daga Ibn Umar cewa Manzon Allah (SAW) ya sa an yi tseren dawakan da aka horar daga Hafya'u zuwa Saniyyatul Wada'i, wurare biyu a wajen Madina, waɗanda ba a horar ba kuma daga Saniyya zuwa masallacin Banu Zuraiƙ. Taguwarsa Adba'u ba a taɓa tsere mata ba sai da wani balaraben ƙauye ya zo da ɗan raƙuminsa ya wuce ta, abin ya yi wa sahabbai ciwo. Wato jin zafin kaye a wurin 'yan kallo ba yau aka fara ba. Sai dai kuɗin da 'yan kallo ke sawa tsakaninsu caca ce tsagwaronta, wadda aya ta 90 ta Suratul Ma'ida ta haɗa da giya. Sannan ku lura, Malam Mai Barga: a mazhabarmu ta Malikiyya, kamar yadda yake a littafin fiƙihu na Mukhtasar, tsere da lada, wato kyauta ga wanda ya ci, a dawaki ne da raƙuma da harbi. Sauran a yi su ba lada. To in za ku yi na jakuna, ku tuntuɓi limaminku kan batun kyauta kafin ku sanar.

Yaron Fagge

Gafarta Malam, na yarda da hukuncin, amma ku ji ta bakinmu mu matasa. Na yi aiki wata shida a wani shagon caca kafin Allah ya raba ni da shi. Akwai tseren dawakan kwamfuta a allo, ba doki ba mahayi, zane ne kawai, kowane 'yan mintuna a sake sabo. Na ga magidanci na yi wa allon ihu yana cewa doki ya ƙara mai. Hisbah ta rufe shaguna a Kano a Oktoban 2024, amma abin na cikin wayar kowa. In kun hana tseren jakuna, mai caca zai zauna a inuwa ya yi abarsa a waya, yaran gari kuma kun hana su abin da suke jira shekara guda.

A garin kakannina da na je bara, ga yadda suka yi: ba a san wa zai hau wane jaki ba sai da aka jeru, aka jefa ƙuri'a a hula a gaban kowa, nan take aka tashi. Ba lokacin da wani zai ja yaro gefe. 'Yan sintiri kuma na yawo cikin taro, duk wanda aka ga yana tara kuɗi a fitar da shi. Ban ce ba a yi a ɓoye ba, amma an tashi lafiya.

Mai Barga

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa kwamiti duka jiya bayan Isha'i, kuma da na zo kan labarin Tsohon Mahayi ɗakin ya yi tsit. Mun tsaya a kan zagaye ɗaya tak na jakuna, da ƙuri'ar hula, kuma masu abinci za a mayar da su bayan igiya, nesa da inda ake tsayawa, Hajiya. Batun kyauta mun kai wa liman, ya ce zai ba mu amsa ranar Juma'a.

Yaya Tsohon Mahayi, muna neman wanda zai tsaya a kan yaran tun safe har a watse. Su goma ne, babbansu shekararsa sha uku. In tafiya ba za ta yi maka wuya ba, kuɗin mota da masauki a kanmu.