Katakon balsa: shin wannan rashin nauyin ba rashin ƙarfi ba ne?

Ɗalibin Gine-gine:
Assalamu alaikum. Malaminmu ya umarce mu da mu haɗa ƙaramin samfurin gada da katakon balsa, amma da na ga yadda farce ke lotsa shi sai na yi shakkar zai ɗauki kaya. Me ya sa ake yaba shi haka, kuma ta yaya ake sarrafa shi?

Malamin Gandun Daji:
Wa alaikumus salam. Asalin bishiyar daga kudancin Mekziko ne zuwa Bolibiya, kuma Ekwado ce ke fitar da mafi yawan katakon da ake sayarwa a duniya. Danginsu ɗaya da rimi da kuka. Tana girma da sauri ƙwarai, har ana sare ta tana da shekara 6 zuwa 10. Cikinta cike yake da ƙananan ramuka masu siraran bango waɗanda ruwa ke cikawa, kuma idan an busar da katakon sai iska ta maye gurbin ruwan. Shi ya sa wanda tsawonsa da faɗinsa da kaurinsa duk mita ɗaya ne nauyinsa kimanin kilo 160 ne kacal, alhali maɗaci ya ninka haka fiye da sau huɗu.

Injiniya:
Ina ganin ma'aunin da ya dace shi ne a kwatanta ƙarfinsa da nauyinsa, domin a nan ne ya sha gaban yawancin katako. A manyan ayyuka ba a barinsa shi kaɗai, ana sanya shi ne tsakanin faifai biyu masu tauri. Haka Ingila ta ƙera jirgin yaƙin Mosquito a Yaƙin Duniya na Biyu, kuma haka ake yin fuka-fukan injinan da ke samar da lantarki daga iska. Yawan buƙatar katakon a ƙasar Sin a 2020 ya tayar da farashinsa, har aka yi ta sare shi ba bisa ƙa'ida ba a dazukan Amazon na Ekwado.

Tsohon Kafinta:
Ɗana, kada ka kusance shi da ƙusa, domin tsagewa zai yi. Ka yanka da reza mai kaifi, ka goge da samfefa mai laushi, sannan ka haɗa da gam kaɗan, tunda yana tsotse gam ya ƙara nauyi. Ka lura kowace sanda ta bi tsawon jijiyar itacen, ka kuma jera sandunan kusurwa uku-uku. Idan da damina za a gwada gadar, ka shafa mata fenti siriri saboda laima.