Waɗanda suka taɓa miƙa aikinsu ga FlightGear, manhajar kwaikwayon tuƙin jirgin sama, yaya kuka yi da sharaɗin lasisi?

Mai tambaya, Agege:
Assalamu alaikum. Na kusa kammala zana ginin babban ɗakin wasannin kwaikwayo na ƙasa da ke Iganmu, Legas, a manhajar Blender, kuma burina a shigar da shi cikin taswirar FlightGear, domin duk wanda ya tashi daga filin jirgin Murtala Muhammed, mai lambar DNMM, ya hango shi a ƙasa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne sharaɗin lasisin GPL, wato ƙa'idar da ake raba FlightGear a kanta. Ina roƙon waɗanda suka riga ni bin wannan hanya su faɗi abin da suka tarar.

Injiniya, Ikeja:
Wa alaikumus salam, Malam. Ma'ajiyar gine-gine, haka ma ta jirage da ake kira FGAddon, ba sa karɓar aiki sai wanda ya dace da GPL. Haƙƙin mallaka yana nan a hannunka, amma ka ba kowa izinin ya kwafa, ya gyara, har ya sayar, muddin zai miƙa wa na gaba asalin fayilolin bisa sharaɗi iri ɗaya. Ni agogon nuna tsayi na gyara wa wani ƙaramin jirgi, kuma kafin in taɓa komai sai da na rubuta wa mai kula da jirgin, domin al'adar mutanen nan ke nan ko da lasisi bai tilasta ba. Daga baya na ga agogon a jirgin wani mutum dabam, an gyara masa hasken dare fiye da yadda na iya, sunana kuma yana nan a saman fayil ɗin.

Malama, Yaba:
Ɗan'uwa, inda aka fi tuntuɓe shi ne hotunan da ake liƙa wa bangon gini. Lokacin da na tura wani bene na unguwarmu, tambayar farko da aka yi mini ita ce daga ina hotunan suka fito. Hoton Google Earth ko na Street View ba ya shiga, haka ma wanda aka tsinta a intanet ba a san mai shi ba, saboda ba ka da ikon ɗora GPL a kan abin da ba naka ba. Da wayata na ɗauki nawa, ranar Lahadi da safe kafin motoci su tare gaban ginin, kuma na zaɓi ranar da ake da gajimare don kada inuwa ta raba bangon biyu. Sai na goge wayoyin lantarki da allon tallar da suka ratsa hoton, na mai da shi hoton PNG mai faɗin pixel 512, na fitar da ginin a tsarin fayil na .ac. Gine-ginen filin jirgi kuwa, kada ka ɗaga waya a can ba tare da izini ba.

Mai gyaran kwamfuta, Computer Village:
Ni ban yarda da GPL ba, kuma har yanzu ina kan bakana. An taɓa samun masu kwasar FlightGear su sauya masa suna su sayar wa waɗanda ba su san kyauta ne ba, kuma lasisin bai hana sayarwa ba. Don haka fentin jirgin da na yi na sa masa lasisin Creative Commons mai hana kasuwanci, na ajiye a shafina. Sai dai ba zan ɓoye ba, hakan ya hana shi shiga ma'ajiyar hukuma, masu sauke shi kaɗan ne, kuma da aka sabunta jirgin fentin ya karkace, babu wanda ya gyara sai da na sami sarari da kaina.

Injiniya, Ikeja:
Alhaji, hujjarka tana da ƙarfi, amma tun 1997 da aka fara fitar da manhajar, masu aikin sa-kai suna zuwa suna tafiya, kuma GPL ce ta sa ake iya ɗorawa a kan aikin wanda ya bari. Ga wanda zanen gini ya yi wa nauyi, zana iyakokin gidajen Legas a OpenStreetMap, taswirar intanet da kowa ke iya gyarawa, ma gudummawa ce, domin daga can ake samar da gine-ginen birane ta hanyar manhajar osm2city, sai dai lasisin can ODbL ne, ba GPL ba.

Mai tambaya, Agege:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Zan je Iganmu ranar Lahadi in ɗauki hotunan da kaina. Malama, idan tambarin wani kamfani ya fito a jikin bangon, goge shi ake yi gaba ɗaya, ko dusashe shi ya wadatar?