Neman shawara: wace takarda ake buƙata kafin a karɓi kwangilar AC da firji?

Assalamu alaikum 'yan'uwa, musamman iyayen gidanmu a wannan sana'a. Ina gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki (AC) a Gombe, kuma a hannun maigidana na koyi aikin, ban bi ta makaranta ba. Aikin gidaje ba na samun matsala da shi. Amma da wani otal ya nemi a saka masa AC a dukkan ɗakuna, sai aka ce in kawo shaidar ƙwarewa da rajistar kamfani, nan na tsaya cak.

Na yi rajistar sunan kasuwanci da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ina da lambar haraji ta TIN. Shaidar ƙwarewar ce ta ɗaure min kai. Wasu sun ce Trade Test, wato gwajin ƙwarewar sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, ya wadatar, a fara da mataki na 3 har a kai na 1. Wasu kuma sun ce sai takardar NABTEB, hukumar jarrabawar kasuwanci da fasaha, ko rajista da COREN, hukumar kula da aikin injiniya, a rukunin masu sana'ar hannu. Wanne masu ba da kwangila suka fi yarda da shi? Kuma shiga NARAP, ƙungiyar masu aikin firji da AC, yana taimakawa?

Abin da ya fi damuna shi ne gas. Ana janye gas ɗin sanyaya na R22 a hankali saboda yarjejeniyar Montreal ta kare sararin samaniya, sababbin firji kuma gas ɗin R600a suke ɗauka, wanda ke kama wuta. Ba na son in jefa yaran shagona cikin haɗari. Ina ake samun horo na gaskiya a kan wannan a Gombe ko Bauchi? Don Allah wanda ya bi hanyar nan ya yi min jagora.