Neman shawara: Ɗana yana aji biyu a jami'a, amma har yanzu komai sai na yi masa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a ɓoye sunana. Ni uwa ce daga Unguwar Dosa nan Kaduna. Babban yaronmu yana aji biyu a Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) Zariya, shekararsa 20, amma har yau bai iya riƙe kansa ba. Kullum cikin kira yake: yau data, gobe handawut, jibi gas ya ƙare. Duk ƙarshen mako sai na kai kular miya tashar Kawo na ba direba, in kuwa ya zo gida, da jakar wanki yake zuwa ƙannensa mata su wanke. Watan jiya muka ji a bakin abokinsa wai yana da kariyoba biyu, wato kwasa-kwasai biyu da ya faɗi sai ya maimaita, bai taɓa faɗa mana ba. Babansu ya fusata, ya ce a yanke masa komai in ban da kuɗin makaranta, ya nema da kansa kamar yadda shi ma ya yi. Ni kuma ina tsoron yunwa ta kai shi ga abokan banza. Yaro ne mai ladabi, yana salla, ba ya shaye-shaye. Yaya za mu yi ya tsaya da ƙafarsa ba tare da mun yasar da shi ba?

Wata uwa daga Malali:
Wa'alaikumus salam 'yar uwa. Allah Ya shirya mana su. Nawa sun gama, don haka na san wannan hanyar. Kuɗin da ake turawa duk sanda aka kira ba ya koya wa yaro lissafi, tunda ya san akwai inda zai ƙara ɗebowa. Ku zauna ku uku da takarda da biro, shi da bakinsa ya lissafa abin da yake ci a wata: cefane, gas, data, kuɗin mota, buga takardu. Ku tsayar da adadi ɗaya da rana ɗaya. Da farko ki raba biyu, ranar 1 da ranar 15 ga wata, in ya saba a haɗe masa.

Maganar yunwa kuwa, ki daina aika dafaffe, ki aika ɗanye. Shinkafa, wake, taliya, garin kwaki, manja, yaji, ƙuli-ƙuli. Wanda ke da waɗannan a ƙarƙashin gadonsa ba zai kwana da yunwa ba, sai dai ya rasa marmari. In ya zo hutu ki tsayar da shi a kicin ya soya miya a gabanki, ya ƙona albasa ya sake. Inda wuyar take, ranar da zai kira da daddare da sanyin murya ya ce "Mama kuɗina sun ƙare". Ki tambaye shi me ya rage a buhu, ki faɗa masa abin da zai dafa, ki yi masa addu'a, kada ki tura. Wallahi za ki ji zafi, amma ki daure.

Wani malamin jami'a:
Hajiya, kariyoba biyu ba ƙarshen karatu ba ne, sai dai ba abin wasa ba ne. Kwas ɗin da ya faɗi sifili ne a lissafin makinsa, kuma zai sake ɗaukarsa a kan kwasa-kwasan bana, nauyi ya ƙaru. A ma'aunin maki 5, daraja ta ɗaya daga 4.50 take farawa, ta biyu mai sama daga 3.50. A aji biyu ana iya gyarawa; a aji huɗu lissafin ya riga ya yi nauyi.

Akwai malamin da ke kula da rajistar kowane aji. Yaron ya je wurinsa da ƙafarsa. Don Allah kada ku nemi wani ɗan uwa ya kira malami a madadinsa, muna ganin wannan sosai, kuma yaron ne ke ƙara lalacewa. Duk ƙarshen zango ya buɗe muku sakamakonsa a wayarsa ku duba tare, ya zama al'adar gida ko ya ci ko ya faɗi. Sannan tambaya ɗaya: wa ya zaɓi kwas ɗin da yake karantawa? Da yawa daga cikin masu faɗuwa a ajina ba daƙiƙai ba ne, abin da ba sa so aka tura su.

Wani uba daga Tudun Wada:
Ni ina bayan Alhaji a rabin maganarsa. Namiji mai shekara 20 ya kamata ya san zafin nema. Lokacin yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, na 2022, wata takwas cur daga Fabrairu zuwa Oktoba, na kai nawa Panteka wurin wani mai walda, yanzu ko hutu ya zo ba ya tambayata kuɗin aski. Amma a faɗa wa Alhaji zamani ya canja. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, kuɗin mota da na abinci ba kamar da ba ne. Sana'a a lokacin hutu, karatu a lokacin karatu. Yaro mai kariyoba ba shi ne za a ce ya nemi abinci a tsakiyar zango ba.

Wata ɗaliba 'yar aji uku:
Mama, ki yi haƙuri in sa baki. Ba raini ke sa mu ɓoye sakamako ba, tsoro ne. In mutum ya san faɗa kawai zai sha, sai ya yi shiru yana fatan gyarawa kafin a sani. Ki kira shi wani lokaci ba don kuɗi ko bincike ba, ki tambaye shi wane darasi ne ke ba shi wuya, su wa yake kwana da su a ɗaki. Kuma akwai lamunin ɗalibai na NELFUND da aka fara a 2024: kuɗin makaranta kai tsaye ake biya wa makarantar, akwai naira 20,000 na kashewa a wata, babu ruwa a kai, sai shekara biyu bayan hidimar ƙasa ake fara biya. In kun amince, shi zai cike da kansa.

Wata daga Rigasa:
Bashi dai bashi ne, in kuna da halin biya ku bar wa marasa hali. Ni wankin nan ne ya tsaya min. Su ma 'yan matan karatu suke yi. A ba shi bokiti da omo.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na karanta wa babansu, ya yarda da kuɗin wata, ya ce da hutu zai riƙa tafiya da shi shago. Malam, tambayarka ce ta hana ni barci, don babansu ne ya cike masa kwas ɗin a JAMB, shi kuwa tun yana sakandare zane-zanen gini yake so. Zai zo ranar Juma'a, zan fara jin ta bakinsa kafin mu zauna da babansu.