Neman shawara: farashi biyu na fayawal iri ɗaya, wanne zan kai wa oga?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni ke kula da kwamfutocin wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa a nan Kano, guda arba'in da 'yan kai, sai reshe ɗaya a Wudil. Oga ya ce in nemo fayawal, wato na'urar da ke tsaron hanyar intanet ta ofis, da zai toshe shafukan banza, ya kuma haɗa mu da reshen ta VPN, wato killatacciyar hanya ta cikin intanet. Na karɓo takardar farashin wani fayawal mai suna FortiGate 60F daga mutum biyu. Na farko ya rubuta na'ura kawai. Na biyu ya rubuta na'ura da wani lasisi mai suna UTP na shekara 3, kuɗinsa ya ninka na farkon har da ɗoriya, ya kuma ce farashin na mako ɗaya ne. Ga wani abokina a Beirut Road yana da na hannu, arha sosai. Akantanmu dai idonsa na kan mai arhar. Me kuka gani?

Injiniya (Kaduna): Wa alaikumus salam. Ba wanda ya cuce ka, kaya biyu aka yi maka farashinsu. Akwatin shi kaɗai zai yi maka VPN, ya raba intanet, ya bi dokokin da ka rubuta masa. Amma tace shafuka rukuni-rukuni da sabunta bayanan bairos da na masu kutse, duk daga FortiGuard suke zuwa, wato hidimar sabunta kariya ta kamfanin da ya ƙera na'urar, kuma sai da lasisi. UTP ɗin nan shi ne kunshin, har da FortiCare a ciki, wato tallafin kamfani da musanya na'ura in ta mutu. Tunda abin da oga ke so toshe shafuka ne, takardar farko ba ta biya buƙata ba. Wani abu kuma, kada lambar 10 Gbps da ke jikin takardar bayani ta ruɗe ka. In ka kunna duk kariyar, 60F na komawa wajen 700 Mbps. A gare ku ya isa har ya yi yawa.

Wata 'yar'uwa (Abuja): Malam, in ka saya don Allah rubuta ranar ƙarewar lasisin ka manna a bango. Ni na manta tawa. Ranar wata Litinin da safe ofis gaba ɗaya aka taso min, kowa ya buɗe shafi sai saƙon toshewa, hatta na banki. Ina ta kiran masu ba mu intanet ina faɗa, ashe laifina ne. Lasisi ya ƙare, na'ura ta kasa tantance shafuka, ni kuma ban saita ta bar su su wuce idan haka ta faru ba. Sai azahar na gano. Da ma fayawal ɗin Meraki ne, na kamfanin Cisco, da abin ya fi haka, don su in lasisi ya ƙare aka cinye kwana 30 na alfarma, na'urar daina ba da hanya take yi.

Na Zariya: Na hannun nan ka yi hattara da shi. Karɓi siriyal lamba tukuna, ka tabbatar ba ta yi rajista a asusun wani ba. In tana can, sai mai ita na farko ya yarda an mayar da ita sunanku kafin ka iya ɗora lasisi, kai kuwa ina za ka gan shi? Arha ba ta ado.

Injiniya (Kaduna): Batun mako ɗaya kuwa ba wayo ba ne. Da dala ake sayo kayan, kuma tun da aka saki naira a Yunin 2023 ba dilan da zai riƙe maka farashi wata guda. Shi ya sa ni na fi son shekara 3, ka biya sau ɗaya ka huta da canjin baɗi. Ka sa ya rarrabe maka a rubuce: kuɗin na'ura, kuɗin lasisi, harajin VAT na kashi 7.5, kuɗin kafawa, da ko kayan na ƙasa ko sai an yo oda. Rajistar kuma a yi ta da imel ɗin asibiti, kada dila ya yi da nasa.

Ɗan Damagaram: Ni fa a ganina an cika tsada. Wasu irin na daban kamar MikroTik ko pfSense za su haɗa maka Wudil ba kuɗin shekara.

Admin: Za su haɗa, amma tace shafuka a kansu aikin hannu ne, ranar da mai tambaya ya tafi hutu wa zai riƙe? Asibiti ne fa, da bayanan marasa lafiya. Mai tambaya, ka sani 60F ƙwaƙwalwarsa 2GB ce, kuma daga FortiOS 7.6, wato manhajar da ke tafiyar da shi, an cire wa irinsa nau'in VPN da ake kira SSL VPN, don haka ka shirya da ɗaya nau'in, IPsec, tun yanzu. Reshen ma sai ya samu nasa akwatin, ƙaraminsa 40F ya wadatar. Ka kuma sa kuɗin UPS a lissafi, wutar nan tamu ba ta san garanti ba.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Wallahi na manta da akwatin Wudil sam. Gobe zan koma wa na biyun ya ƙara 40F, ya rarrabe min takardar. Saura rigima da akantanmu.