Ƙananan kwamfutocin nan za su iya riƙe aikin shago kuwa?

Mai Shagon Firintin:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da tsohuwar kwamfutar tebur Dell OptiPlex 7010, Core i5 ƙarni na 3, da ita nake taipin da firintin da ɗan CorelDRAW. Lafiyarta lau, matsalar dai tallafin Windows 10 ya ƙare tun 14 ga Oktoba 2025, ita kuma Windows 11 sai mai Intel ƙarni na 8 zuwa sama. Yaron shagona ya dame ni wai in sayi 'yar ƙaramar nan mai kamar sabulun wanki. Don Allah wanda ya taɓa aiki da su ya faɗa min gsky kafin in zubar da kuɗina.

Ɗan Sola:
Wa alaikumus salam Malam. Ni dai wuta ce ta sa na canza, nawa mai ƙwaƙwalwar Intel N100 ne da RAM (ma'adanar da kwamfuta ke aiki da ita) giga 16, ko aiki ya yi nauyi ban ga ta haura wat 30 ba, a da in aka ɗauke wuta tsohuwar kwamfutar ta zuƙe min batirin inbata kafin la'asar, yanzu har dare ina kai. Amma kar ka ce ka rabu da janareta, firinta mai leza ita ce uwar cin wuta ba kwamfuta ba. Kuma Word da Excel da intanet kawai nake, zane mai nauyi N100 tana nishi.

Maman Yara:
Yaya kafin komai juya tsohuwar ka ƙirga abin da ke soke a bayanta. Monitata mai wayar VGA ce irin ta da, sabuwar kwamfutar kuma ramin HDMI kawai gareta, sai da na nemo 'yar waya mai juyawa. Wurin faifan CD kuwa babu shi sam, ga masu kawo min tsofaffin hotunan biki a faifai, dole na sayi na waje mai USB. Kibod, linzami, firinta, sikana, ramuka sun ƙare, filashin kwastoma sai na zare wani abu.

Bazazzage:
Nawa wani marar suna ne mai arha na yi oda, da hunturu ƙura ta toshe 'yar fankar, zafi ya zo ta dinga mutuwa da kanta tsakar rana. Mai gyara ya buɗe ya ce RAM ɗin a manne yake da allo, ba ƙari ba canji. Tsohuwar kuwa ka buɗe ka hure ka rufe shi ke nan.

Mai Ɗaukar Bidiyo:
Ni Mac mini M4 nake riƙe da ita, wadda ta fito Nuwamba 2024, wlh ko motsinta ba ka ji kuma bidiyo kamar ruwa. Amma kai ban ba ka shawara ba Alhaji, babu ramin USB irin na da sai USB-C, ba a ƙara RAM, manhajojinka na Windows ma sai ka sake neman na Mac.

Injiniya:
Malam ga tsaka-tsaki, nemi tokumbo irin na ofis, OptiPlex 7060 Micro ko HP EliteDesk 800 G4 Mini ko Lenovo M720q, duk suna hawa Windows 11, ana ƙara musu RAM da SSD (ma'ajiyar fayiloli) irin na laftof. Na haɗa wa wata makaranta irinsu suna ta aiki. Ka tabbatar an ba ka cajarta ta asali, kuma yawanci ramin monita irin DisplayPort ne a jiki, ka tafi da monitarka a gwada a gabanka. Tsohuwar kar ka sayar tukuna, zare mata intanet ta zauna wa firinta har ka tabbatar direban firintar, wato manhajar da ke haɗa ta da kwamfuta, na aiki a Windows 11.

Mai Shagon Firintin:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Injiniya RAM giga 8 zai ishi CorelDRAW ko in lallaɓa in kai 16?

Injiniya:
Kai 16 Malam, ramukan RAM biyu ne, ka saka 8 da 8.